"Za mu kira ka": wulaƙancin da ɗiyanmu ke sha a ƙofar kabine

Jama'ar Bazaga da kewaye, mutanen Ƙonni, Tsarnawa da Allela, na Dogarawa da Malbaza, na Illela, Badagishiri da Tajaye, da ku ƴan uwa da ke ci-rani kuna bin mu ta waya. Yau da ɓacin rai munka zo muku. Akwai wata magana da iyaye ke yi cikin zaure, samari na yin ta a majalisar shayi, amma kowa na jin nauyin fito da ita fili. Mu dai mun gaji da jin nauyin.

Akwai wani yaro namu, ɗan wani ƙauye cikin kwamin ta Bazaga. Ba za mu faɗi sunanshi ba, ba kuma za mu faɗi sunan kabinen ba, don abin da ya same shi ya samu da yawa irinshi. Ya yi firamare a ƙauye, ya yi kwaleji da lise a Ƙonni yana kwana zauren wani kawunshi, ya samu bak, ya tafi jami'ar Tawa ya fito da lisans. Ya yi shekara biyu na serbis sibik. Daga nan sai zama. Da damina gona, da rani ya riƙa taya wani abokinshi tsaron shagon cajin waya.

Wata rana anka turo mishi sanarwa ta WhatsApp: wani kabine na Yamai na neman masu anket da masu duba aikinsu, za a yi bincike kan manoma cikin jihar Tawa. Yaro ya tashi haɗa dosiye. Wanda bai taɓa haɗa dosiye ba bai san abin da kalmar ke ci ba. Sai ka je kotun Ƙonni neman kaziye, wanda in ya wuce wata uku ya mutu, sai an sake wani. Sai takardar haihuwa da nasiyonalite da diplom, kowace a yi mata fotokopi a kai a buga mata hatimi, kowane hatimi da tembur ɗinshi. Sai katin ANPE. Sai hoto. Sai kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, don ba a gama wanga aiki a yini guda. Ya haɗa, ya aika.

Wata biyu shiru. Ran wata Talata da la'asar sai ga kira: ka zo Yamai jibi Alhamis, ƙarfe takwas na safe. Tsakanin Ƙonni da Yamai kilomita ne sama da 400. Gidan babu kuɗin mota. Uwar ce ta ce a kama akuyarta a sayar, kuma kun san yadda ake sayen dabbar mai gaggawa. Laraba ya shiga mota, ya kwana tasha bisa benci, da asuba ya wanke fuska ya sa rigar da ya goge tun gida.

Ƙarfe bakwai da rabi yana ƙofar kabine. Ya tarar da jama'a kamar ana rabon tallafi. Mai gadi ya ce su tsaya waje. Babu benci, babu rumfa, babu ko randar ruwa. Takwas ta wuce, goma ta wuce. Mai kabinen bai iso ba sai kusan azahar, ya sauka daga katkat ya ratsa ta tsakiyarsu ko sallama babu. Sai bayan la'asar anka kira yaronmu. Mutum uku bayan tebur, ɗaya na latsa waya tun shigarshi har fitarshi. Ba wanda ya ce mishi zauna. Na tsakiya ya ɗaga dosiye, ya dubi wurin haihuwa, ya ce: "Bazaga? Ina ne kuma nan?" Sunka yi dariya. Tambaya ta biyu: "Wa ya turo ka?" Yaro ya ce: "Ranka shi daɗe, ba kowa, sanarwa ce na gani." Sunka dubi juna. Sunka ce ya gabatar da kanshi da Faransanci, yana cikin magana ta uku anka ce ya isa haka. "Za mu kira ka." Minti biyar ba su cika ba. Ba a tambaye shi ko kalma guda kan noma ba, ko kan anket, ko kan tablet ɗin da za a yi aikin da ita.

Ba su kira ba. Bayan wata huɗu sai ga katkat a ƙauyensu, ga masu anket da riguna masu tambari. Aikin nan dai ne. Su huɗu ne, biyu daga ciki Hausarsu ta cefane ce. Tsoho ya ce musu bana dami talatin ya samu, sunka rasa abin da za su rubuta, don tablet kilo take tambaya. Mai gari ya aika a kira wanda ya yi boko. Wa anka kira? Yaronmu. Shi ya yi musu tafinta kwana uku, shi ya nuna musu iyakar gonaki, shi ya gaya musu tiya nawa ke fita daga dami in shekara ta yi kyau, da nawa in ta ƙi. Da za su tafi sunka miƙa mishi jika biyar, wai na goro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga iyayenmu da ake karanta wa wagga magana, bari mu yi bayanin kabine. Kamfani ne mai zaman kanshi wanda hajarshi ita ce ƙwarewa. Gwamnati ko furoje ko wata ƙungiyar agaji in tana son a auna mata wani abu, a ƙirga mata mutane, a duba mata ko aikin da ta yi ya yi amfani, sai ta ba kabine kwangila. Wani kuma aikinshi shi ne ya tace ma'aikata: kamfani ya ce ina son akanta guda da direba biyu, kabine ya fidda sanarwa, ya karɓi dosiye, ya yi ganawa da masu nema, abin da ƴan boko ke kira antiretiyan, ya miƙa sunaye. Dukansu biyan su ake yi, kuma ba kuɗi kaɗan ba. Ku riƙe wannan, don za mu dawo gare shi: ganawar da ake yi da ɗiyanmu aiki ne da anka riga anka biya kabine ya yi.

Mu nan ba baƙin masu bincike ba ne. Tun da Nijar ta sa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016 kan yarjejeniyar dalar Amurka miliyan 437, wadda gyaran filin noman rani na Ƙonni ke cikinta, filin nan mai hekta sama da 2,400 da madatsun Mozage da Zango ke ba ruwa, mun ga masu awon gona, mun ga masu ƙirga gidaje, mun ga masu zama da mata suna tambayar tukunya sau nawa ake ɗorawa a yini. Ga gidan siminti na Malbaza, ga na Badagishiri, ga albasar Galmi da kowane furoje ke son ya rubuta rahoto a kanta. Ƙasarmu ta sha bincike. Amma yanzu waccan yarjejeniya ta ƙare, hukumar USAID an rufe ta a 2025, furoje da yawa sun naɗe tabarma. Jami'o'in Tawa, Maraɗi, Yamai da Sakkwato kuwa ba su daina fitar da ɗiyanmu ba. Guraben sun ragu, masu nema sun ƙaru, sai wanda ke riƙe da ƙofa ya zama sarki. A nan ne halin kowa ke fitowa.

Mun zauna da samari da ƴan mata da yawa da sunka sha wagga tafiya, kuma abin da sunka faɗa mana ya kasu gida huɗu.

Na farko, ganawar rufe ido. An riga an san waɗanda za a ɗauka tun kafin sanarwa ta fita. To don me ake kiran sauran? Don wanda ya ba da kwangila yana son ya ga takarda: sanarwa ta fita ran kaza, mutum kaza sunka nema, mutum kaza anka gana da su, ga sa hannunsu. Shi ya sa abu na farko da ake miƙa maka a ƙofa takardar sa hannu ce. Da ka sa hannu aikinka ya ƙare, minti biyar ɗin da ke biye cika al'ada ne. Yaronmu da akuyar uwarshi sun je Yamai ne su cika wa wani layi guda cikin rahoto.

Na biyu ya fi na farko dabara. In za a ba kabine kwangila, ba farashin da ya faɗa kaɗai ake dubawa ba. A tsarin da Bankin Duniya da irinshi ke bi, ana fara ba da maki ne kan ƙwarewa, kuma kaso mai tsoka na makin nan yana kan takardun mutanen da kabine ya ce da su zai yi aikin. Saboda haka CV na mutumin kirki kuɗi ne. Sai ka ga sanarwa ta fito alhali kabine bai ma samu kwangilar ba. A tara CV, a kira masu nauyi daga ciki, a yi musu ganawa ta fara'a, a ce su sa hannu kan takardar cewa suna nan a shirye in aiki ya zo. A ci kwangila da sunansu. In aiki ya tashi, a nemo wani mai araha ko ɗan gida a maye gurbi. Wani dattijon ma'aikacin gona daga wajen Illela, mai shekaru yana aiki da manoma, ya ce mana shi a hannun wani tsohon abokin karatunshi ya ga rahoton wani aiki, ga sunanshi cikin jerin ƙwararru, aikin da ko ƙauyen da anka yi shi bai taɓa takawa ba. Ya ce: "Ni da sunka ce za su kira ni, ashe tuni na yi aikin har na gama ban sani ba."

Na uku, kuɗin dosiye. Wani ya ce jika biyar, wani ya ce jika goma, wai na nazarin takardu, wai na horo kafin aiki, wai na rigar aiki. A turo lambar waya a ce aika ta gidan aika kuɗi. Wasu daga cikin masu wanga ba su da ko ofis, ɓarayi ne zalla da sunka ari tambarin wani. Amma wasu da ofis ɗinsu da allonsu a bakin titi. Ku lissafa da kanku: in mutum ɗari uku sunka aika jika biyar biyar, nawa ke nan? Wanda ya tara wannan, ina ruwanshi da ko an ɗauki wani ko ba a ɗauka ba?

Na huɗu shi ne wanda ya fi ƙona mana rai, kuma shi ne wanda ba a faɗi. Wata ɗiyarmu daga ɓangaren Malbaza, mai diplom na aikin akanta, ta ce tambayoyin da anka yi mata uku ne: kina da aure? Yaushe za ki yi? In kin yi, ba ciki za ki ɗauka ki bar mana aiki ba? Ba a buɗe mata ko littafin lissafi guda ba. Da dare, bayan isha'i, sai ga kira daga ɗaya daga cikin waɗanda sunka zauna bayan tebur, wai dosiyenta ya burge shi, wai ta zo su ƙarasa magana a wani wuri mai natsuwa. Lambar da ta rubuta kan CV don neman halal, ita anka ɗauka. Ta kashe waya, ta shiga motar safe. Ba ta gaya wa babanta ba, don ta san abin da zai ce: daga yau ba inda za ki sake zuwa. Wanga shi ne ɓarnar da ba ta fitowa cikin kowane rahoto. Mun sha wahala kafin iyaye su yarda ɗiya mace ta wuce firamare. Mutum guda mara kunya, da kiran waya guda, yana rufe ƙofar lakwal ga ƴan matan ƙauye sukutum, don labari ba ya ɓuya.

Wanda ke ganin abin ƙarami ne ya tuna da abin da ya faru a maƙwabta. Ran 15 ga Maris 2014, hukumar shige da fice ta Najeriya ta kira masu neman aiki jarrabawa a filayen ƙwallo. An ba wani kamfani mai zaman kanshi aikin karɓar takardu, kowane mai nema ya biya naira 1,000. Mutum sama da dubu 600 sunka biya, guraben kuwa ba su kai dubu biyar ba. Anka tara su rana guda, ƙofofi ƙanana, turereniya ta ɓarke a Abuja, Fatakwal, Minna da Benin. Mutum sama da goma sunka mutu, har da mata masu ciki. Maganar ta kai kotu a 2016. Mu ba mu kai can ba, Allah shi kiyaye. Amma tushen guda ne: ranar da mai tace ma'aikata ya fara kallon masu neman aiki a matsayin kasuwa, ranar ya daina ganin mutane.

Abin takaici, doka ba ta yi shiru ba. Kundin dokar ƙwadago na Nijar, doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, a aya ta 5 ya hana mai ɗaukar aiki ya duba jinsi, ko shekaru, ko asali, ko addini, ko ra'ayin siyasa, ko naƙasa, ko ciwon sikila, wajen yanke wa zai ɗauka. Wanda ya yi wa yaro dariya don an haife shi Bazaga, da wanda ya tambayi yarinya yaushe za ta yi ciki, su je su karanta ayar. Wanga kundi ya hana neman mace da ƙarfin muƙami a wurin aiki, kundin hukunta laifuka ma ya sa shi cikin laifuka. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, wadda Nijar ta amince da ita a 2015, ƙa'idarta ita ce kamfanin da ke sama wa mutane aiki kada ya karɓi kuɗi hannun mai nema. Tun 2017 muna da dokar kare bayanan mutum, akwai kuma hukumar HAPDP da anka kafa don haka, saboda haka CV ɗinka da lambar wayarka ba kayan tsintuwa ba ne. Kuma mai neman ma'aikata wajibi ne ya bi ta ANPE, shi ya sa sanarwa ta gaskiya kan zo da bizar hukumar. Dokoki suna nan. Abin da babu shi ne wanda zai tashi ya ce an taka su, don kowa na tsoron kada a sa sunanshi cikin baƙin littafi.

Mun san abin da masu kabine za su ce, don mun ji shi daga bakinsu. Za su ce: gurbi goma, dosiye ɗari biyar, ya za mu yi? Gaskiya ne, aikin da nauyi. Amma ai don nauyin ne anka biya ku. In gurbi goma ne, ku tace a kan takarda, ku kira talatin, ku ba kowa lokacinshi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi mishi aski. Kuma saƙon waya guda da zai ce wa mutum ba a ɗauke ka ba, mun gode, nawa yake ci? Bai kai kuɗin ruwan sanyin da ke kan teburinku ba. Rashinshi kuwa yana sa yaro ya yi wata uku yana cajin waya yana dubawa, ya ƙi tafiya ci-rani, ya ƙi kama hayar fili a fadama, don kada a kira yana nesa.

Za su ce: ɗiyanku Faransancinsu da rauni. Wani lokaci haka ne, mun san halin da lakwal ɗin ƙauye ke ciki. In aikin na rubuta rahoto ne, a gwada Faransanci, ba mu da ja. Amma mai anket da zai zauna da tsohuwa a Bazaga ko Tajaye ya tambaye ta hatsin da ya rage cikin rumbu, da wane harshe zai yi? Kundin da anka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ko babu wanga kundi, hankali kaɗai ya isa. Wanda bai san dami ba, bai san tiya ba, bai san cewa ba a tambayar magidanci yawan dabbobinshi gaban jama'a ba, lambobin ƙarya zai kai Yamai. A kan waɗannan lambobi ne kuma za a yanke inda za a haƙa rijiya da inda za a kai iri. Saboda haka ganawar banza ba mai neman aiki kaɗai take cuta ba, har da manomin da bai san an yi ta ba.

Akwai kuma namu na gida masu cewa a yi haƙuri, aiki rabo ne. Mun yarda rabo ne. Ba mu ce dole a ɗauki kowa ba, kuma yaronmu bai ce shi ya fi kowa ba. Rashin samu rabo ne, amma tsayuwar awa takwas a rana ba rabo ba ne, wani ne ya ƙi sayen benci. Kiran dare ba rabo ba ne, wani ne ya danna lamba da yatsanshi. Kada mu ɗora wa ƙaddara abin da ɗan Adam ya yi da gangan.

Mu ma sai mun duba kanmu, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke kiran ɗan uwanshi na Yamai tun kafin yaro ya shiga mota, a ce don Allah ka yi mishi hanya? Mu ne. Wa ke ƙara wa CV shekarun aikin da ba a yi ba, da takardar shaidar istaj ta sayen kasuwa? Ɗiyanmu ne. Wa ke gaggawar aika jika biyar yana ɓoye wa abokinshi sanarwar don kada ya riga shi? Tambayar nan ta "wa ya turo ka" ba daga sama ta faɗo ba, mu munka koya musu cewa kowa da mai turo shi. In namu ya samu ta hanya sai mu ce Allah ya yi, in na wani ya samu sai mu ce zalunci. Kuma mu faɗi gaskiya, akwai kabine na kirki. Akwai waɗanda ɗiyanmu sunka ce an ba su kujera, an yi musu tambayar aiki, an kira su an ce ba su ci ba, har anka gaya musu inda sunka gaza. Sun dawo ba aiki amma ba su dawo da ƙunci ba. Waɗannan ne hujjarmu cewa abin da muke nema mai yiwuwa ne.

Ga abin da muke nema, kuma ba mu ga wanda ya fi ƙarfin kowa a ciki ba. A ba mai nema aƙalla mako guda tsakanin kira da ganawa. Aikin da za a yi cikin jihar Tawa, a yi ganawarshi a Tawa ko Ƙonni. Ya fi sauƙi mutum uku su zo cikin katkat da a ce mutum arba'in su sayar da awaki. In ba haka ba, a fara tacewa ta waya. Kada a nemi kaziye da takardu masu hatimi sai ga wanda anka riga anka zaɓa, fotokopi ya isa a matakin farko. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne, tafiya guda zuwa Yamai da dosiye da mota da abinci na iya lashe rabin wannan ko fiye, daga aljihun wanda ko albashin bai da shi. A rubuta cikin sanarwa wa ya ba da aikin, gurbi nawa ne, nawa za a biya, da ko an riga an samu kwangilar ko nema ake. A sa mace cikin masu ganawa. A gwada Hausa ga aikin da za a yi da Hausa. A sanar da kowa sakamako.

Ku kuma masu ba da kwangila, furoje ne ku ko ƙungiya ko ma'aikatar gwamnati, ku ke da linzami. Kuna duba rasit ɗin man mota har na lita guda, ku riƙa ɗaukar lamba biyar daga takardar sa hannun nan ku kira ku ji yadda anka yi da su. Kantomominmu da sarakunanmu da masu gari, duk mai anket da ya shigo sai ya fara zuwa gaishe ku da takardar izini. Ku karɓe shi hannu biyu kamar yadda kunka saba, sannan ku tambaye shi: cikin tawagar nan ɗiyan ƙasar nan nawa ne? Wanda zai yi muku tafinta, nawa ne ladanshi a yini, kuma a rubuce yake?

Ku samari da ƴan mata, in kunne ya ji jiki ya tsira. Sanarwar da ba ta da adireshi, ba ta da bizar ANPE, sai lambar waya kaɗai, ku bincika kafin ku motsa. Wanda ya ce ku aiko kuɗi, ko dala ce, kada ku aika, ku ɗauki hoton saƙon ku aje. Kada ku sa hannu kan takardar cewa kuna shirye sai an ba ku kwafi mai sunan aikin da kwanan wata. Ku rubuta ranar da anka kira ku, awa nawa kunka tsaya, me anka tambaye ku. Ƴan mata, kiran dare ba a amsa shi, amma ba a goge shi, ku nuna wa wanda kunka amince da shi. Ofishin ANPE da na insifektan ƙwadago suna nan Tawa. Mutum guda in ya je za a ce ɗacin rashin samu ne, amma mutum goma da takardu a hannu, labarinsu iri guda, dole a saurare su. Iyaye kuma, in ɗiyarku ta kawo muku irin wanga labari, fushinku ya tafi kan wanda ya kira ta, kada ya sauka kan karatunta.

Yaronmu yana nan. Bana ya kama ɗan fili a fadama shi da ƙanenshi, sun zuba irin albasa, ya ce in ta yi kuɗi zai fara mayar wa innarshi akuyarta. Dosiyen na cikin leda ƙarƙashin katifa, kaziyen ya daɗe da mutuwa. Makon jiya an sake turo mishi wata sanarwa, ya zo ya nuna mana, ya ce: "Baba, in tafi ko in bari?" Mun ce mishi ya fara kiran lambar ya tambayi sunan wanda ya ba su aikin da inda za a yi ganawar. Ya kira sau uku, ba a ɗauka ba.

Allah shi ba ɗiyanmu abin yi na halal, shi sa damina mai zuwa ta yi albarka. Sai mun sake haɗuwa.